Kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, ta ina zan fara nemansa?

Rabi_Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai larura ta sa. Kakana wanda ya haifi babana sunansa Garba, a gida ana ce masa Dogo. A Yalwa aka haife shi nan Kumasi, iyayensa fataken goro ne da suka biyo ta Salaga suka zauna. Ya shiga soja lokacin yaƙin Hitila, a 1942, Baba yana goye. Aka ce an zuba su a jirgin ruwa an yi ƙasar Bama da su, wadda yau ake kira Myanmar. Da yaƙi ya ƙare abokan tafiyarsa suka dawo, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Babu takarda daga hukuma, babu wanda ya zo ya ce a gabana ya cika. Kakata ta yi jira har ta gaji, daga baya aka ɗaura mata wani aure, amma har ta bar duniya in aka ambaci Bama sai ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu Baba ya haura 80, ido ya yi rauni, kwanan nan kuma ba shi da zance sai na mahaifinsa. Shekaranjiya bayan isha'i ya ce mini, "Rabi, ko a waya ne a nuna mini kabarinsa, in san ƙasar da ta rufe shi." Tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini. Abin da muke da shi hoto ne guda ɗaya, yana sanye da kaki da gajeren wando da hula mai faɗin baki an naɗe gefe ɗaya. Don Allah wanda ya san ta inda ake fara irin wannan nema ya taimake ni.

UmmuHafsa_Tafo: Wa alaikumus salam. Allah sarki Baba. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa a dace.

SajeMaiRitaya: 'Yata Rabi, tambaya ɗaya zan yi miki kafin komai: kuna da lambarsa ta soja? A bariki suna ado ne, lamba ita ce mutum. Na yi shekara 22 ina sa kaki, yau in kika tashe ni tsakar dare lambata zan fara faɗa miki kafin sunan ubana. Na mutanen Gold Coast, wato Gana ta yau, a wancan yaƙi da GC take farawa, na Najeriya da NA. Ki juya bayan hoton ki duba. Ki tambaya ko akwai littafin albashi, ko wata takarda da matarsa ke karɓar kuɗin da yake yanke mata daga albashinsa, ko wasiƙa.

Rabi_Aboabo: Baba Saje na gode. Na juya hoton, babu komai sai tabon ruwa. Baba bai san lamba ba, ai bai ma san fuskar mahaifinsa ba sai a hoton nan.

ƊanLegon: Anti Rabi, ni tarihi nake karantawa, bari in ɗan shimfiɗa miki yadda tafiyar ta kasance don ki san inda za ki sa ido. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka je Bama, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, daga nan ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi ta jirgin sama ake jefo musu. Birged ta 5 a cikinta ta mutanen Gold Coast ce, da bataliya ta 5 da ta 7 da ta 8. Ta 82 ta bi baya a 1944, ita kuma a Birged ta 2 namu suke, bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, waɗanda dama sun riga sun gwabza da Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941. Rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japan a watan Janairun 1945. Sunayen barikokinmu ma daga nan suke: Burma Camp da Arakan a Ankara, Myohaung a Takoradi, Uaddara da ke nan Kumasi kuma sunan wani wuri ne da aka yi gumurzu a Habasha.

Abu na farko da za ki yi, kuma kyauta ne, ki shiga shafin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, CWGC. Duk wanda suka san ya mutu yana soja tsakanin Satumban 1939 da ƙarshen 1947 ya kamata a ce yana ciki. Wanda ba a ga gawarsa ba a Bama, sunansa a jikin bangon tunawa na Rangun yake, cikin maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon. Sunaye kusan 27,000 ne a bangon nan. Waɗanda suka cika a asibiti kuma za a iya samunsu a Chittagong ko Maynamati, a ƙasar da yau ake kira Bangaladash, ko a Madras ta Indiya.

Rabi_Aboabo: Na shiga yanzun nan ƙanena. Na rubuta Garba. Sun fito da yawa, wasu na Najeriya wasu namu, babu wanda aka rubuta sunan ubansa balle in gane. Sunan mahaifin kakana Ilyasu, na haɗa su biyun babu abin da ya fito. Jikina ya yi sanyi.

SajeMaiRitaya: Kada jikinki ya yi sanyi, ba za ki same shi da sunan uba ba. Akawun da ke ɗaukar soja a wancan zamani ba ruwansa da ubanka. Sunanka zai tambaya, sai ya liƙa maka ƙabilarka ko garinku. Shi ya sa rijistar ta cika da su Moshi, Dagarti, Frafra, Grunshi, Busanga, Wangara, Kano, Sokoto. Ai kun ji Alhaji Grunshi, sojan Gold Coast da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914. Grunshi ɗin ba sunan ubansa ba ne.

MalamaZinatu: Ƙari a kan maganar Baba Saje. Garba ai Abubakar ne. To ki tuna yadda ake kiran Abubakar a ƙasar nan: Bukari, Abukari, Bakari, Abu. Garban ma kansa mutanenmu Gariba suke rubutawa, wasu Garuba. In akawun mutumin kudu ne ko Bature, abin da kunnensa ya ji shi zai sa. Ki ɗauki takarda ki jera duk waɗannan, kowanne ki gwada shi da Kano, da Hausa, da Kumasi, da Salaga, har da Dogon da ake ce masa. Ni da nake koyarwa a firamare, yaro ɗaya nakan ga sunansa iri uku tsakanin takardar haihuwa da katin asibiti da rijistar aji. Yau ke nan, balle 1942.

Baban_Yusra: Ku yi haƙuri jama'a, ni ban ga amfanin wannan tone-tone ba. Mutum ya tafi shekara 80 da wani abu. Addu'a ba ta buƙatar adireshi, duk inda yake za ta same shi. A yi masa sadaka, a sauke masa Alƙur'ani, a bar wa Allah sauran. Kuma yaƙin ma na wa ne? Na Turawa. Suka kwashi samarinmu suka kai su dajin da ba su san sunansa ba.

UmmuHafsa_Tafo: Baban Yusra, gaskiya ne addu'a tana isa ko'ina. Amma kai ka san inda aka binne mahaifinka, ranar sallah kana iya zuwa ka tsaya a kansa. Tsohon nan bai taɓa samun wannan ba. Kada mu raina abin da ke ci masa rai.

Baban_Yusra: Ban raina ba Hajiya, Allah ya sani. Tsoron da nake ji shi ne a tono abin da zai fi rashin sanin ciwo.

Kawu_Sekondi: Tsoron Baban Yusra yana da tushe, bari in ba ku namu. Wan kakarmu shi ma an ce ya ɓace a yaƙin nan. Aka yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a Tamale, aka raba 'yan kayansa. Bayan shekara kusan 20 wani ɗan garinsu mai kawo shanu kudu ya gan shi a Takoradi yana gadin wani sito a bakin tashar jiragen ruwa. Ashe ya dawo tare da kowa a 1946. Da aka sallame su sai ya kasa komawa gida. Kansa ya ɗan taɓu, ba ya son ƙara, in an yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gado. Kuɗin sallamar kuma ba su taka kara sun karya ba, ya ji kunyar ya koma hannu rabbana bayan ana ta jiran wanda ya je Indiya. Ya auri wata Bafantiya, ya haihu da ita. Dalilin zamanmu a Sekondi ke nan ma, kakarmu ta biyo ɗan'uwanta ta ƙi komawa. Don haka Rabi, ki shirya wa kowane irin labari. Rashin dawowa Yalwa ba lallai mutuwa ba ne.

Rabi_Aboabo: Kawu, wallahi wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. In haka ne ma ina so in sani. In ya bar wasu 'ya'ya a wani wuri, ai 'yan'uwan Baba ne.

ƊanLegon: Akwai ma wanda aka ba iyalinsa labarin ya ɓace alhali yana raye a can Bama ɗin. Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya ne mai aikin jinya a runduna ta 81. Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin Kaladan a watan Maris na 1944, aka harbe shi a ƙafa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, Musulmin ƙauyen wurin ne suka ɓoye su suna ciyar da su wata da watanni har sojojin Ingila suka dawo yankin. Mutanen Arakan da yawa Musulmi ne, sojanmu da zai yi musu sallama ya karanta Fatiha ba baƙo ba ne sosai a wurinsu.

Alaramma_Asawase: Tunda an taɓo maganar auren kakarki, bari in faɗi abin da ke littafi don kada wani ya ga kamar ta yi gaggawa. Wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, mafƙudi ake ce masa a fiƙihu. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ya shahara shi ne matar ta kai ƙara wurin alƙali ko jama'ar Musulmi, a bincika, in ba a ji ɗuriyarsa ba ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sai aure ya halatta gare ta. Wanda ya ɓace a fagen fama yana da nasa bayanin daban a wurin malamai. Abin da ya sa na kawo wannan, irin wannan hukunci ba a ɗaka ake yanke shi ba. Sai an je gaban liman ko Sarkin Zango, an kira shaidu. Shaidun kuwa su wa za su kasance in ba abokan tafiyarsa da suka dawo ba? Ki je gidan limamin unguwarku na wancan lokaci. Malaman da sukan rubuta irin wannan da ajami su soke cikin littattafansu.

Rabi_Aboabo: Allah ya gafarta Malam, wannan shawara ta shige ni. Jikan limamin yana nan, shi ke jan sallah yanzu. Zan sa mijina ya raka ni gobe bayan la'asar.

Nima_Boy: Ni dai abin da ke ƙona mini rai, mutanen nan sun je sun zubar da jini, da suka dawo aka yi musu riƙon sakainar kashi. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka fito a Ankara za su kai wa Gwamna kukansu a fadar Osu, aka tare su a mararrabar Christiansborg, Baturen ɗan sanda Imray ya buɗe wuta. Saje Adjetey, Kofur Attipoe, Farabiti Odartey Lamptey, nan suka faɗi. Daga nan gari ya kama da wuta, shekara 9 bayan haka aka samu 'yancin kai. Kowace shekara ana ajiye furanni a wurin, amma 'yan zango nawa ne suka san kakanninsu na cikin masu wannan tattaki?

Tsoho_Alabar: Yaro ka faɗi gaskiya. Kuma aikin soja a ƙasar nan da Hausa ya fara. Tun dakarun Glover da aka kafa a Legas a 1863, waɗanda ake kira Hausawan Glover, aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Hausa ce harshen bariki, Bature ma sai ya koye ta.

ƊanLegon: Baba Tsoho, a yi mini afuwa in ɗan gyara. Harshen bariki Hausa ne, wannan haka yake. Amma ba duk wanda Bature ya rubuta Hausa ne Bahaushe ba. Lokacin yaƙin Hitila yawancin masu riƙe bindiga mutanen arewacin ƙasar nan ne, da Mosawa da Zabarmawa da suka tsallako daga ƙasashen da Faransa ke mulka. 'Yan kudu da suka yi boko sun fi yawa a tuƙi da akawu da aikin waya da jinya. Kimanin mutum 65,000 Gold Coast ta bayar a yaƙin. Na faɗi wannan ne don amfanin Anti Rabi: akwai Bahaushen da aka rubuta Moshi don kawai tare da Mosawa ya shiga layi.

Tsoho_Alabar: Na karɓi gyara. Amma ka sani, a zango wanda ya yi sallah da mu ya yi Hausa da mu, ba mu tambayar daga ina kakansa ya fito.

Hajiya_Madina: Mu takardunmu 1969 ce ta cinye su. Da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasa, mahaifinmu ya tsorata duk da a nan aka haife shi, ya tura iyayensa Najeriya da akwatunan ƙarfe biyu. Takardar sallamar kakanmu daga soja da lambobin yabonsa suna ciki. Abin takaici, takardar nan ita ce shaidar da ta fi kowace nuna ya bauta wa ƙasar nan. Ba mu sake ganin akwatunan ba. Rabi, ki tambaya ko wani reshe na gidanku ya tafi a shekarar nan, kayan gado sukan bi babbar mace ne a gida.

Mai_Shayi_Fadama: Mu muna da lambar yabo ta kakanmu, tauraro mai ƙyalle ja da shuɗi da ruwan lemo. Na duba ko'ina a jikinta babu suna babu lamba. Ko jabu ce?

SajeMaiRitaya: Ba jabu ba ce, Tauraron Bama ke nan, ka riƙe shi da kyau. Lambobin yabo na yaƙi na biyu haka Ingila ta raba su, ba a buga suna ba. Na yaƙin farko ne ake buga lamba da muƙami da suna da runduna a jiki. Wanda ke da na 1914 zuwa 1918 a gida ya ɗauko ya karkata shi a haske ya duba gefensa, zai ga rubutu.

Abdul_Sukura: Gargaɗi ɗaya. Shekara 3 da suka wuce wani mutum ya ce mana yana da hanya, zai fito mana da fayil ɗin kakanmu har da kuɗin fanshon da ya taru. Muka haɗa masa kuɗi sau biyu, na uku wayarsa ta daina shiga. Mahaifiyata ta yi kuka ba don kuɗin ba, don ran da ta sa. Duk wanda ya ce miki akwai kuɗi a Landan suna jiranki, ki kama kanki. Ki je ofis da ƙafarki, ki karɓi rasit a kan duk abin da kika biya.

SajeMaiRitaya: Haka ne. Ga inda zan je in ni ne. Na ɗaya ofishin tsofaffin sojoji, VAG, suna da reshe a Kumasi, kuma su suka gaji ƙungiyar Legion ta da. Na biyu gidan tarihin sojoji da ke cikin Fort kusa da Adum, ki tafi da kwafin hoton, akwai hotuna da kayan yaƙin Habasha da na Bama a wurin, masu kula da shi za su iya gane wani abu daga kakin. Na uku ki rubuta takarda zuwa ofishin ajiye bayanan sojoji a Burma Camp, ki sa sunan Baba a matsayin ɗa. Amma duk inda kika je abin da za su fara tambaya shi ne abin da na fara tambayarki.

ƊanLegon: Sai kuma PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnati, hedikwata a Ankara, akwai reshe a Kumasi da Tamale. Wasiƙun da DC, wato Baturen gunduma, ke yi game da kuɗin matan sojoji da sanar da mutuwa, a irin fayilolin gunduma ake tsintarsu. A Ingila kuma ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew tana da littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, na Bama suna ƙarƙashin WO 172. Sai dai in gaya miki gaskiya, hafsa Bature in ya mutu da sunansa ake rubutawa, namu kuwa galibi adadi ne, a ce an kashe mutum kaza, kaza sun ɓace. A 2021 ita kanta CWGC ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba, ta kuma nemi gafara. Na yaƙi na biyu an fi rubuta su, shi ya sa nake da kyakkyawan zato a kan naku.

Baban_Yusra: To kun ji. Wanda bai rubuta sunanka ba ranar da ka mutu dominsa, shi za ka je kana roƙo ya duba maka littafi.

MalamaZinatu: Ba roƙo ba ne Baban Yusra, haƙƙi ne. In ba mu nema ba, wa zai nema?

Rabi_Aboabo: Jama'a ku gafarce ni kwana biyu ban leƙo ba. Mun je gidan liman. Jikansa ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya fito da gafaka uku na kakansa, ya ce sai ya zauna a natse ya duba, don takardun sun manne da juna. Amma maganar Hajiya Madina ce ta buɗe wata ƙofa. Na tambayi Baba wa ya ɗauki kayan kakata da ta rasu, ya ce Goggo, 'yar da ta haifa a aure na biyu, wadda ke aure a Nima. Ni ban taɓa kawo ta a lissafi ba tunda ba 'yar Dogo ba ce. Na kira ta jiya da dare. Ta yi shiru, sannan ta ce akwai wani ƙullin tsumma a ƙasan adakar Inna, wato kakata, da ta hana kowa taɓawa, ta ɗauka laya ce, shekara da shekaru ba ta kwance ba. Da safen nan jikanta ya kwance. Wasiƙa ce, da ajami, cikin ambulan. Hannuna rawa yake yi ina rubuta muku wannan.

UmmuHafsa_Tafo: Allahu Akbar! Baiwar Allah nan ta yi wani aure, ta haihu, ta tsufa, wasiƙar tana ƙasan adakarta.

SajeMaiRitaya: Alhamdu lillahi. A bar cikin wasiƙar tukuna, a duba saman takardar da bayan ambulan. Soja ba ya rubuta sunan garin da yake, masu tace wasiƙu ba sa bari. Lambarsa da muƙami da suna da bataliya yake sawa don amsa ta same shi, kuma da boko ake rubuta wannan ko da sauran ajami ne. Me aka gani?

Rabi_Aboabo: Yaron ya turo hoto. Akwai GC, sai lambobi, amma gara ta ci na tsakiya, guda uku kawai ake gani sosai, na ƙarshe kuma ko 1 ne ko 7. Sunan kuma ba Garba aka sa ba. Bukari ne, kalma ta biyu ta goge sai harafin farko mai kama da K. Malama Zinatu, Allah ya saka miki da alheri.

MalamaZinatu: Amin 'yar'uwa. K ɗin nan kuwa Kano ne ko Kumasi.

Tsoho_Alabar: Ko Katsina. Ko Kotokoli, ko Kanjarga, in dai yadda ɗan Legon ya ce haka ake yi. Kada a yi saurin yankewa.

ƊanLegon: Anti, ki turo mini hoton ta akwatin sirri, kada ki sa lambar a fili saboda irin mutanen da Abdul ya faɗa. Zan tace duk Bukari da Bakari da Abukari na rundunar Gold Coast a shafin CWGC in gwada da lambobi ukun da suka rage. In na ga wanda ya yi daidai zan faɗa miki, in ban gani ba ma zan faɗa miki, sai mu koma kan maganar Kawu Sekondi. Ki duba kuma ko hatimin gidan waya ya nuna shekara.

Baban_Yusra: Ni da na ce a bari, yanzu na ƙagu in ji abin da ke cikin wasiƙar. Allah ya sa alheri ne. Amma ina nan a kan bakata a abu ɗaya: kada a karanta wa Baba sai wani ya fara karantawa ya san abin da ke ciki.

Alaramma_Asawase: Wannan daidai ne. Kuma ajamin mutanen da ba kowa ke iya fitar da shi ba, wani ba ya sa wasali, wani yana cakuɗa Hausar bariki. Mai yiwuwa ma ba hannunsa ba ne, wani malami a cikin bataliyar ya rubuta masa. A samu dattijo ya karanta.

Nima_Boy: Anti Rabi, in kin shigo Ankara ki yi mini magana. Akwai wani dattijo a masallacin layinmu da har yanzu lissafin shagonsa da ajami yake yi, zan kai ki wurinsa. Ki ce wa Goggo kada a sake naɗe takardar, kada a sa mata salatif, a shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu cikin babban littafi.

Rabi_Aboabo: Na gaya mata. Asabar in Allah ya kai mu zan hau motar asuba daga Asafo. Ban faɗa wa Baba an samu wasiƙa ba tukuna, na ce masa dai zan je gaida Goggo. Ya ce in tambaye ta ko Inna ta taɓa faɗa mata wace ƙafa ce Dogo ke ɗingisawa, don shi ya ji an ce ta hagu, wani kuma ya ce masa ta dama.

SajeMaiRitaya: Ki tambaya da kyau, ki kuma tambaya ko kafin ya shiga soja yake ɗingishin. Likitan ɗaukar soja yakan rubuta tabo da tsagar fuska da duk wata alama ta jiki a takardar shiga. In Bukari biyu suka fito masu lamba kusa da juna, da irin wannan za a raba su.

Mai_Shayi_Fadama: Baba Saje, mu da muke da tauraro babu lamba babu wasiƙa fa, ta ina za mu ɓullo?